Yadda Ake Gyaran Sandar Sitiyari A Gida

"Na san halinta." Haka direbobinmu na ƙauye sukan ce idan baƙon hannu ya kama sitiyarin motarsu ya ji yana wasa. Direba ya riga ya saba: sai ya murza kamar rabin taƙi kafin tayoyi su amsa masa, in zai shiga kwana kuwa tun daga nesa yake fara lallashin motar. Gaskiya ne ya san halinta, amma halinta na jiya ya sani. Ƙarfen da ya fara cin ɗan'uwansa ba ya tsayawa inda ya kwana. Kullum ƙaruwa yake yi, har ran da noti zai fita ko roba ta tsage, sitiyari ya yi ta juyawa a hannu kamar faifai, mota kuwa ta nufi inda ta ga dama.

Wannan magana ta fi shafarmu mu mutanen arewacin Kano. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, ba mu da sauran daji. Gona tana jingine da gona, gida yana kallon gida. Hanyar da mota ke bi zuwa ƙauye sau da yawa burtali ne mai shingen aguwa, inda mota da amalanke ba sa gilmawa sai ɗaya ya raɓe. A irin wannan wuri, in mota ta ƙwace, ba fili za ta faɗa ba. Yaro ne mai kora awaki a gabanta, ko mace da tulu a ka, ko katangar wani. Ga shi kuma mota ɗaya ce a ƙauyuka da yawa. Ita ce ke kai gero da wake Dawanau, ita ce ke ɗauko tumatir daga lambunan Watari a Ɓagwai, ita ce ke kai zumuntar mata taro, ita ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama. Kirista da Musulmi duk bayanta suke hawa. Wanda ya bar sitiyarinta da girgiɗi, ran gari guda ya ɗauka ya sa a caca.

A cikin Maimaitawar Shari'a, sura 22 aya 8, an umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Ba a jira sai wani ya faɗo ba. Kwamitin ekklesiya da ke riƙe da mota, ko ƙungiyar manoma da ta yi karo-karo ta sayi a-kori-kura, su ɗauki wannan da nauyi.

Abin farin ciki shi ne, rabin sitiyari na sama, wato sanda da abin da ke riƙe da ita, mutum mai natsuwa yana iya kwance shi ya gyara a ƙofar gidansa. Muna magana ne a kan tsofaffin motoci marasa jakar iska, musamman Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, shi ya sa kayanta ba su yi wuya ba har yau. Tsohuwar Land Rover da tsohuwar Hilux sun ɗan bambanta da ita daga ƙasa, amma daga sama kusan tafiyarsu ɗaya.

Abin da ke tsakanin hannunka da taya

Ka dubi fartanya. Akwai ƙota, akwai ruwa, akwai wurin da suka haɗu. Manomi ba ya fita gona da fartanyar da ruwanta ke girgiɗi, gama ya san inda za ta sare shi. Sitiyari ma haka yake, sai dai mahaɗansa sun fi yawa.

Da'irar da direba ke riƙewa tana zaune a kan sanda, a bisa waɗansu ƙananan haƙora da aka zana kewaye da bakin sandar, babban noti guda yana danne da ita. Sandar tana juyawa a cikin bututun ƙarfe. Abin da ke hana ta kaɗawa a cikin bututun shi ne bushin ko boris, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bututun kansa an ɗaure shi da notuna a ƙarƙashin allon gaban direba. A jikinsa ne makullin mota yake, tare da wani ɗan harshen ƙarfe da ke shiga cikin sandar ya kulle ta idan an zare makulli. Can ƙasa, wajen ƙafafun direba ko bayan inji, sandar tana haɗuwa da abin da ke tura tayoyi. A nan akan sami faifan roba mai kauri, ko gaɓar ƙarfe mai siffar gicciye, ko kuwa duka biyu. Daga nan sai rak, irin na Fijo, ko akwatin sitiyari, irin na Land Rover. Rak da akwati ba su cikin aikinmu na yau.

Me ke cinye waɗannan abubuwa a wajenmu? Gargadar hanyar burji tana sassauta notuna. Ƙurar hunturu tana shiga giris ta mai da shi kamar dutsen wasa wuƙa. Ruwan damina, idan an ratsa rafi, yana kwana cikin gaɓar ƙasa ya haifi tsatsa. Rairayi yana sa taya nauyi, direba ya yi ta kokawa da sitiyari mota tana tsaye. Akwai kuma wata ɗabi'a da ba mai lura da ita: direba ya kama sitiyari ya jawo jikinsa duka domin ya shiga mota. Sau ashirin a yini, shekara goma, wane bushin ne zai jure?

A nemo ciwon tukuna

Kada ka ɗauki sifana sai ka san inda ciwon yake. Mutane da yawa sun kwance sanda sun mayar, ashe wasan yana can ƙasa wajen tayarod. Wannan bincike na mutum biyu ne. A tsai da mota a wuri mai tauri, tayoyi a ƙasa suna kallon gaba sak. In sitiyarin mai amfani da mai ne, a bar inji yana aiki, a kuma kiyaye hannu da riga daga fanka.

Mutum ɗaya ya tsaya a waje ya zura hannu ta taga, ya riƙa motsa sitiyari hagu da dama a hankali yana kallon tayar gaba. A ɗaura ɗan zare a jikin da'irar domin a ga iyakar tafiyarta kafin taya ta motsa. A Ingila, masu duba lafiyar motoci suna auna wannan da ma'auni: a da'ira mai faɗin milimita 380, motar da ke da rak kada wasanta ya wuce milimita 13, mai akwati kuwa kada ya wuce milimita 75. A namu awon, Fijo kada ta kai faɗin yatsa guda sosai. Mai akwati in ta haura yatsu uku, a fara neman dalili, kada a jira ta kai iyaka.

Na biyun ya ɗauki tocila ya leƙa inda sanda ta haɗu da rak. Abin da zai duba ɗaya ne: sa'ad da sama ta motsa, ƙasa tana motsawa tare da ita nan take, ko kuwa tana jinkiri? In faifan roba yana murɗewa kafin ƙarfen da ke bayansa ya bi, faifan ya mutu. In gicciyen yana ƙwas-ƙwas, rabi ya motsa rabi yana jira, gaɓar ta ci. In kuwa duka suna tafiya tare amma taya ba ta amsa ba, to, sandarka lafiya lau take, ciwon yana rak ko tayarod, sai a kai wa makaniki.

Sa'an nan ka zauna a kujera ka kama da'irar da hannu biyu. Ɗaga ta sama, danna ta ƙasa, kai ta gefe da gefe. In sanda kaɗai ke kaɗawa cikin bututu, bushin ne. In bututun duka ke rawa har da makulli, notunan da ke ƙarƙashin allo ne suka saki, ko ƙarfen da ke riƙe da su ya tsage. Ka kuma jawo da'irar zuwa ƙirjinka ka tura. Bai kamata ta biyo ka ba. In ta biyo ka, kada motar nan ta sake fita sai an gyara, ko da an riga an yi lodi, gama mai yiwuwa notin da ke matse sanda daga ƙasa ne ke shirin rabuwa da ita.

Akwai ciwon da ba wasa ba ne, tauri ne. Sitiyari ya yi nauyi a wani wuri, ya saki, ya sake yin nauyi, ko kuwa ya ƙi komowa da kansa bayan kwana. Yawanci gicciye ne ya yi tsatsa. Amma a fara duba iskar taya, don taya mai ƙarancin iska ita ma tana sa nauyi.

Kwancewa

Ka zaɓi ranar da ba kasuwa, ka kuma fara da safe. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan an gama noma na biyu kafin girbi, sa'ad da mota ke hutawa, ko kuma da bazara kafin ruwa ya sauka. Aikin da aka fara ana jiran motar da la'asar, da waya da ƙusa ake ƙarasa shi. Nemi inuwa, shimfiɗa buhuna ko tsohuwar tabarma domin kada ƙaramin abu ya faɗa rairayi ya ɓace. Ka tanadi sifanu masu zobe, sukudireba, filaya, ƙaramar guduma, guntun katako, kananzir, giris sabo, tsumma mai tsabta, ɗan fenti, da kwanuka uku ko huɗu na zuba notuna, kowane mataki da kwanonsa. A sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. A cire wayar batir, ta jikin mota tukuna. A kori yara da kaji.

Ga dokar da ta fi kowace: kada ka raba ƙarfe biyu sai ka yi musu alama. Tayoyi suna kallon gaba, ka ja layin fenti daga da'ira zuwa bakin sanda, wani layin daga sanda zuwa gaɓa, wani daga gaɓa zuwa bakin rak. Wanda ke da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki kowane wuri kafin ya taɓa shi. Wayoyin lantarki na sigina da fitila da makulli, a ɗaura wa kowace ƙyalle ko takarda da lamba. Kada ka ce za ka tuna. Bayan kwana biyu ba za ka tuna ba.

Ka cire murfin tsakiyar da'ira, babban noti zai bayyana. Sassauta shi, amma kada ka fitar da shi gaba ɗaya. Bar shi a bakin sanda da zagaye biyu ko uku. Dalili kuwa, da'irar takan kafe, in ta saki kuma takan saki gaba ɗaya, ta sami mai ja a baki ko a hanci. Notin nan shi zai tare ta. Ka riƙe ta hagu da dama ka riƙa girgizawa kana ja, kana bugun bayanta da tafin hannu. In ta ƙi, zuba ɗan kananzir gauraye da baƙin mai a haƙoran, ka tafi ka sha fura ka dawo. In ta ƙi har yanzu, ara abin zarewa a gareji.

Kada ka ɗora guduma a kan bakin sanda. Na ɗaya, zaren noti zai baje. Na biyu ya fi muhimmanci. A dā sandar sitiyari ƙarfe ɗaya ce miƙaƙƙiya, in mota ta yi karo sai ta soki direba a ƙirji kamar mashi. Tun 1967 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa wa motocinsa sanda mai shigewa cikin kanta idan an yi karo, sauran masu ƙera motoci kuma suka bi, waɗansu da sanda mai shigewa, waɗansu da mai lanƙwashewa a gaɓa. Abin da ke riƙe da irin wannan sanda da gangan aka yi shi mara ƙarfi. Guduma tana iya karya shi ba ka sani ba, sandar ta gajarce ko ta riƙa zamewa.

Da'ira ta fita, sai murafun roba da ke rufe da bututu, sai sandunan sigina da fitila. Robar tsohuwar mota rana ta gasa ta, a bi ta a hankali. Ka sa makulli ka buɗe domin harshen nan ya saki sanda. Makullin kansa kada ka cire shi sai in shi ne ya lalace, gama notunansa irin waɗanda kansu ke karyewa ne bayan an ɗaure, don hana ɓarayi.

Yanzu sai ƙasa. Inda gaɓa ta kama bakin rak akwai wani noti mai ratsawa ta gefe, yana matse bakin gaɓar kamar awartaki. Nan ne mutane ke shan wahala a banza. Suna sassauta shi su yi ta ja, abu ya ƙi fita. Ba zai fita ba, domin notin yana kwance cikin wani gurbi da aka sassaƙa a jikin ƙarfen. Sai an zare shi gaba ɗaya. In tsatsa ta kama wurin, jiƙa shi da kananzir da mai ya kwana, sa'an nan ka sa bakin sukudireba a tsagar ka ɗan buɗa ta kaɗan. Daga nan a kwance notunan da ke ƙarƙashin allo, wani yana tallafe da bututun, a jawo shi cikin mota. Daga wannan lokaci kada kowa ya juya tayoyin gaba ko ya tura motar.

Abin da ake wankewa da abin da ake jefarwa

Zare sanda daga bututu, kana lura da jerin wasa-wasai da zobba da sifirin, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito. Wanke ƙarfe da kananzir, ka shanya. Roba kuwa kada kananzir ko fetur ya taɓa ta, ruwa da sabulu ya isa.

Mirgina sandar a kan daɓen siminti mai santsi. In tana ɗingishi, ta lanƙwashe, watakila motar ta taɓa yin karo kafin ta zo hannunku. Ba a miƙar da ita da wuta, sai a nemi wata. Dubi haƙoran bakinta biyu. In suna da kaifi, madalla. In sun shafe sun yi sulɓi, ita ma ta gama aiki. Dubi inda bushin ke zama: ɗan ƙyalli ba kome, amma in farcenka yana faɗawa cikin rami, sabon bushin ba zai daɗe a kai ba. Tsatsa ta sama-sama a goge ta da takarda mai yashi mai laushi. Dubi kunnuwan bututun da ake ɗaurewa a jikin mota ko akwai tsaga. Wannan kaɗai ne wurin da ƙwararren mai walda zai iya taimaka maka, domin ba ya juyawa. Ko shi ma, in kunnuwan irin masu zamewa ne da aka yi domin karo, ba a taɓa su da wuta.

Boris mai ƙwallaye, in ya juya sumul bayan wanki, a cika shi da giris a mayar. In yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, a sake shi. Bushin da ya ci a sake shi. Mun ga inda aka naɗa gwangwanin madara ko robar tiyub a cike gurbin. Yakan yi shiru mako biyu, daga nan gwangwanin ya naɗe ya cije sanda ana tsakiyar tafiya. Wasa da kafewa, ban san wanda ya fi wani muni ba, amma kafewa ba ta yin sallama.

Faifan roba shi ne abin da aka fi cuta. Ka lanƙwasa shi a hannu ka duba. In ya yi tsatstsage kamar kaushin ƙafa, ko ramukan notuna sun yi faɗi, ko mai ya jiƙa shi ya yi laushi, a jefar. Na san akwai gwanaye a kasuwanninmu da ke yanka tsohuwar taya su fitar da takalmi da guga da igiya, kuma za su yanka maka faifai mai kama da na asali. Sana'arsu abar yabo ce, amma ba a nan ba. Faifan asali an ƙera shi musamman domin ya jure murɗa, ramukansa kuma an auna su daidai. Na taya da wuƙa aka huda shi, daga bakin hudar nan kuma yake fara yagewa.

Gaɓa mai gicciye yawancinta a rufe take, ba a buɗe ta. Riƙe ta hannu biyu ka murɗa. In akwai wasa ko kaɗan, sai sabuwa. In tauri ne kawai, jiƙa ta cikin mai ka yi ta motsa ta. Takan saki, amma ka sani aron lokaci ka yi, ka fara tara kuɗin wata.

Sai babbar magana, walda. Kada a yi wa sandar sitiyari walda, kada a yi wa gaɓa, kada a like gaɓa da bakin rak don haƙora sun shafe. Wuta tana canza halin ƙarfe, gefen ɗinkin ya yi gautsi. Ido ba ya ganin wannan. Zai riƙe wata shida, ya karye ran da aka faɗa rami da buhu goma sha biyar a baya. Duk makanikin da ya ce maka, "Kawo in ɗan ɗiga mata wuta, Baba, ba abin da zai faru," ka gode masa ka ɗauki kayanka.

Wajen sayen kaya, a Kano ana samun na Fijo a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sababbi da na hannu. Tafi da tsohon a hannunka ka gwada su gefe da gefe, ka ƙirga haƙora, ka auna tsawo. Sanda ko gaɓa ta hannu da aka ciro daga wata mota ba laifi, in ka gwada ta kamar yadda muka faɗa. Amma roba da bushin a sayi sababbi. Notuna kuma ba kowane ba. Dubi kan notin da ka cire, za ka ga lamba, sau da yawa 8.8. Wannan shaidar ƙarfinsa ce. Wanda ba shi da lamba, na ƙofa ne da gadon ƙarfe, kada ya kusanci sitiyari. Notin da ke da zoben roba a cikinsa sau ɗaya ake ɗaura shi, in an kwance sai sabo. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kashewa take yi.

Mayarwa da gwaji

Shafa giris kaɗan a haƙora da mazaunin bushin, ka mai da kome yadda ya fito. Kada ka ɗaure kowane noti tamau tun farko. Ka rataya bututun sako-sako, ka haɗa gaɓar ƙasa bisa alamar fenti, ka tabbata notin gefe ya ratsa ta cikin gurbinsa, ba ta bakin ƙarfen ba. Ka duba faifan roba yana kwance shimfiɗe, bai karkace ba, ba a kuma ja shi ba. In ya karkace, matsa bututun sama ko ƙasa har ya daidaita. Sa'an nan ka ɗaure na ƙarƙashin allo, ka ɗaure na ƙasa, ka mai da sigina da wayoyi, ka zaunar da da'ira bisa alamarta ka ɗaure babban noti. Ɗaurin hannu mai ƙarfi da sifana ya isa. Kada a ƙara bututu a kan sifana a hau da ƙafa, gama noti da aka wuce da shi ya fi sakakke haɗari. In wani gareji kusa yana da sifana mai awo, a kai a gwada manyan notunan nan.

Kwanukanka su zama wayam. In wasa guda ta rage, wani wuri yana nemanta.

Ɗaga gaban mota da jak, ka tokare da kututture ko katako mai kauri, kada ka dogara ga jak shi kaɗai. Juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa. Kada ya cije, kada ya goga waya ko tiyo. Ƙirga zagayen daga tsakiya zuwa hagu, da daga tsakiya zuwa dama, su zo daidai. Sauke mota, mai da batir, gwada ham da sigina da fitila. Zare makulli ka ji ya kulle, mayar ka ji ya saki sarai. Sai wani dabam, ba wanda ya yi aikin ba, ya bi kowane noti da sifana. Wannan ba raini ba ne, ko ma'ajin ekklesiya ba ya ƙirga baiko shi kaɗai. Daga nan a kai motar filin makaranta bayan an tashi, ba kaya ba fasinja, a yi ta zagaye a giya ta ɗaya da ta biyu.

Tun da mun ambaci makulli, bari mu faɗi wani abu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, direbobi da yawa sun koma kashe inji a gangara domin tsimin mai. Wanda ya murza makulli ya wuce wuri, ko makullinsa ya tsufa yana zamewa, harshen nan zai faɗa cikin sanda da zarar an ɗan juya, sitiyari ya kulle mota tana gudu. Haka kuma in ana jan mota da igiya, tilas makulli ya kasance a ciki, a buɗe. Makullin da ya fara cijewa ko yana fita da kansa, a sake shi, kada a yi ta zuba masa mai.

Motocin da ba a taɓawa a gida

Duk motar da aka rubuta AIRBAG ko SRS a tsakiyar sitiyarinta, akwai jakar iska a ciki, da wani sinadari mai fashewa da ke hura ta cikin ƙiftawar ido. Yawancin Golf da Sharan da Toyota na hannu da ke shigowa yanzu suna da ita. Tana iya tashi a fuskar mai kwancewa, har bayan an cire batir da ɗan lokaci. A bayan da'irar kuma akwai wata siririyar waya a naɗe kamar gammo, wadda ke tsinkewa in aka juya ta ba bisa ƙa'ida ba. Waɗansu sababbin ma suna da injin lantarki a jikin sandar. Binciken mutum biyu da muka bayyana ana iya yi musu, amma kwancewa sai wanda ya koya.

Sai motocin da aka juya wa sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, tun daga nan motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Amma ana shigo da ƙananan motocin ɗaukar kaya da bas-bas da aka ƙera domin Japan ko Ingila, masu sitiyari a dama, a juya su a gareji. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan masu sitiyari a dama. Wani juyin an yi shi da kayan asali, wani kuwa yanka da walda ne kawai. In ƙungiyarku za ta sayi irin wannan mota, a sa mutum ya kwanta da tocila ya bi sandar daga sama har ƙasa. In ya ga ɗinkin walda a jikin abin da ke juyawa, a fasa cinikin, kome kyan fentinta.

Motar da aka gyara a gida, a rubuta a littafin kwamiti ranar da aka yi aikin, da abin da aka sake, da sunan wanda ya bi notuna a karo na biyu. Bayan tafiyar farko da kaya, a sake bin notin gefe na ƙasa da na ƙarƙashin allo, gama sabuwar roba takan zauna ta ɗan saki. A sake yin binciken zaren nan sau biyu a shekara, ɗaya bayan ruwa ya ɗauke kafin a fara jigilar amfanin gona, ɗaya kuma a ƙarshen hunturu.